Me ya sa tarkon GDB ke tsayawa a wurin da ba nan aka yi ɓarnar ba?

Wani ɗalibi daga Gusau ya aiko mini da tambaya a kan GDB, manhajar da ake farautar kurakuran manhaja da ita, da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon furosesa a cikin kwamfuta. Ga ta a taƙaice: "Injiniya, barka da aiki. Ina aikin kammala karatu, manhajar da za ta riƙa kunna famfon burtsatse tana kashe shi idan tanki ya cika. Furosesan Cortex-M3 ne na gidan ARM, kuma da yake allon lantarki ɗaya gare mu mu uku, a QEMU nake yawan gwaji. Akwai wani gurbi na memori mai suna iyakar_ruwa da ƙimarsa ke canzawa ba tare da na taɓa shi ba. Na sa masa watch a GDB. Wani lokaci sai ya tsaya a layin da babu ruwansa da gurbin, wani lokaci ƙimar ta canza bai ce uffan ba, ranar da allon ya zo hannuna kuma ya tsaya a wani wuri daban. Shin QEMU ɗin ne ba shi da gaskiya, in haƙura da shi?"

Ƙanena, kada ka haƙura da shi. Abubuwan nan uku da ka gani kowanne yana da dalilinsa, kuma dalilan ba ɗaya ba ne. Na farkon ma aikin daidai ne aka yi maka, karatunsa ne ya ba ka wuya. Na biyun shi ne mai haɗari, a kansa zan fi daɗewa. Abin da GDB ke kira watch ni tarko zan riƙa ce masa, domin aikinsa ke nan: ka ɗana shi a bakin wani adireshi na memori, ka jira wanda zai taka.

Fara da sanin cewa mutum uku ne ke riƙe da tarkon nan. Akwai GDB, wanda kake magana da shi. Akwai ɗan saƙon da ke cikin QEMU, wanda ke sauraro a tashar 1234 idan ka tashi QEMU da -s, har ka haɗa su da target remote localhost:1234. Sannan akwai furosesan kwaikwayon kansa, wanda ke aiwatar da umarnin. Idan ka rubuta watch, GDB yana aika wa ɗan saƙon wata 'yar wasiƙa da ta fara da Z2, ɗauke da adireshi da tsawon wurin da za a tsare. Z3 na karatu ne, Z4 na karatu da rubutu duka. Idan an taka tarkon, amsa takan dawo da T05watch da adireshin. Abin da ka gani a fuskar kwamfutarka sai ya biyo ta hannun su ukun, kuma kowannensu yana da nasa ra'ayin a kan tambaya ɗaya: a tsaya kafin a yi rubutun, ko bayan an yi?

Masu ƙera furosesa ba su taɓa haɗa baki a kan wannan tambayar ba. A gidan Intel, tun 80386 na shekarar 1985, akwai rajista huɗu na adireshi (rajista ƙaramar ma'ajiya ce a cikin furosesa), DR0 zuwa DR3, da DR7 mai ba su umarni, da DR6 mai faɗin wanda aka taka. A can sai umarnin ya gama aikinsa tukuna ake tsayawa, saboda haka manunin umarni, wato rajistar pc mai nuna inda furosesa ya kai, yana kan umarni na gaba. A manyan furosesoshin ARM, irin na wayar hannu, yawanci ana tsayawa ne kafin rubutun ya faɗa memori. GDB ya san haka, shi ya sa idan yana aiki da ARM, da zarar an ce masa an taka tarko sai ya cire tarkon, ya matsar da furosesan taku ɗaya, ya mayar da tarkon, sannan ya kwatanta tsohuwar ƙima da sabuwa ya nuna maka. QEMU kuma idan yana kwaikwayon ARM yakan tsaya kafin rubutun, daidai da abin da GDB ke jira. Ko ta wace hanya aka bi, inda za ka tsinci kanka shi ne umarnin da ke bayan mai laifin.

To ka ga amsar ƙorafinka na farko. A ce kwamfaila, wato manhajar da ke fassara C zuwa umarnin inji, ta mayar da layinka na C zuwa umarni uku: ta ɗauko adireshin iyakar_ruwa cikin r3, ta sa sifili a r2, sannan str r2, [r3]. Wannan str ɗin, mai rubuta ƙimar a memori, shi ne na ƙarshe a layin. Bayan takun da GDB ya yi, manuni ya riga ya shiga umarnin farko na layi na gaba, kuma GDB lambar layin da manuni yake kai yake bugawa. Sai ka ga Old value = 80, New value = 0, a ƙasa kuma ga layin da ke karanta firikwensin tanki, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kamar ka ji ƙarar faɗuwar kwano ne ka juyo, ka ga yaron da ya shigo ɗaki yanzun nan, alhali wanda ya yar da kwanon yana bayansa.

Maganin wannan mai sauƙi ne, amma sai ka mayar da shi ɗabi'a. Duk lokacin da tarko ya kama, kada ka dubi lambar layi da farko. Rubuta x/-3i $pc, GDB zai nuna maka umarni ukun da suka gabata. Wannan ƙirga ta baya tana aiki tun GDB 7.12. Ko ka yi disassemble /s ka ga C da umarnin injin a jere. Ina gargaɗinka da yin x/6i $pc-12 da ka, domin umarnin Thumb, irin da Cortex-M3 ke amfani da su, wasu bayit 2 ne wasu 4, kana iya faɗawa tsakiyar umarni ka karanto shirme mai kama da gaskiya. Idan ka sami str ɗin, duba rajistar da ke riƙe da adireshin, ka tabbata tana nuna gurbinka. Idan kuma ka tsinci kanka cikin memcpy ko memset, yi bt ka ga wanda ya kira shi da tsawon da ya ba shi.

Akwai kuma hannun kwamfaila a ciki. Idan ka gina da -O2, takan sake jera umarni, ta cusa ƙaramin aiki cikin babba, ta jinkirta rubutu zuwa ƙarshen zagaye, ko ta riƙe ƙimar a rajista ba ta kai ta memori ba sam. Teburin da ke haɗa umarni da lambar layi sai ya zama kamar shinkafa da wake. Don farauta, gina da -O0 -g ko -Og. Sai dai ka sani canza wannan yana canza jerin gurabe a memori da girman tarin kira (yankin memori da ayyukan manhaja ke ajiye bayanansu na wucin-gadi idan an kira su), har matsalar ta iya ɓuya. Idan ta ɓuya, wannan ma shaida ce, ka ajiye ta, za mu dawo kanta.

Yanzu bari in shiga cikin QEMU kaɗan, domin in ba ka san yadda yake ɗana tarkon ba, ba za ka gane inda yake da ɓaraka ba. Fabrice Bellard, ɗan Faransa, shi ya fara fitar da QEMU a 2003, kuma injin fassarar da ake amfani da shi yanzu, TCG, ya shigo a 2008. QEMU ba ya ɗaukar umarni ɗaya ya aiwatar ya koma ya ɗauki wani. Tafinta ne mai jiran a gama jimla. Yakan ɗebi jerin umarnin ARM har zuwa inda aka yi tsalle, ya fassara su gaba ɗaya zuwa harshen furosesan kwamfutarka, ya ajiye fassarar, duk sanda aka dawo wurin ya sake ta da gudu. Saboda sauri, a tsakiyar wannan dunƙulen ba ya sabunta manunin umarni na baƙon furosesan bayan kowane umarni. A x86 ma har tutocin lissafi ba ya ƙididdige su sai an buƙace su. Ke nan idan tarko ya kama a tsakiyar dunƙule, QEMU bai riƙe amsar "ina muke?" a hannu ba, sai ya nemo ta.

Ga yadda yake yi. Yana da ɗan tebur na gaggawa da ke haɗa shafukan memorin baƙo da ainihin memorin kwamfutarka. Idan ka ɗana tarko, sai ya yi wa shafin da adireshin yake ciki alama, yadda duk wani karatu ko rubutu a shafin ba zai bi gajeriyar hanya ba, sai ya biyo ta shingen bincike. A shingen ne ake duba ko wurin da za a taɓa ya shiga cikin wurin da ka tsare. Idan bai shiga ba, a wuce. Idan ya shiga, QEMU yana duba inda yake cikin fassarar, ya koma wani ɗan rubutu da ya ajiye a gefen kowane dunƙule, ya gano wane umarnin baƙo ne wannan, ya mayar da manuni da sauran yanayin furosesan farkon umarnin. Idan ARM ne, nan zai tsaya ya sanar da GDB. Idan x86 ne, sai ya fassara umarnin nan shi kaɗai, ya aiwatar, sannan ya tsaya.

Dabara ce mai kyau, kuma ga rubutu na yau da kullum ba ta kuskure. Amma ka lura da abu biyu da ke biyo bayanta. Na ɗaya, manhajarka za ta yi nauyi idan gurbin da ka tsare yana shafi ɗaya da gurabe masu yawan zirga-zirga, domin kowa sai ya tsaya a shinge. Na biyu ya fi muhimmanci: ana mayar da umarni farkonsa a sake shi. Umarni irin stm ko push yana rubuta kalmomi da dama a jere. Idan ta uku ce ta taka tarko, biyun farko sun riga sun sauka, kuma za a sake rubuta su. A memori na yau da kullum wannan ba komai ba ne, ƙima ɗaya ce aka maimaita. Amma idan rajistar wata na'ura ce, wadda karanta ta ke cire bayit daga layi, maimaicin na iya canza halin manhajar. Shi ya sa nake taka-tsantsan da ɗana tarko a kan rajistocin na'urori.

Mu zo ga ƙorafi na biyu, inda ƙima ta canza tarko bai motsa ba. Ƙa'idar ita ce: shingen nan yana kan hanya ɗaya tak, hanyar da umarnin furosesa ke bi zuwa memori, kuma yana duba adireshin da umarnin ya ambata. Duk wanda ya shigo ta wata ƙofa, maigadi bai gan shi ba. A Cortex-M3 kuwa ƙofofin bayan gida suna da yawa.

Wadda na fi zargi a aikinka ita ce ta tarin kira. Idan wata na'ura ta katse wa furosesa hanzari, misali agogon SysTick ya buga, Cortex-M3 da kansa yake tura kalmomi takwas kan tarin kafin ya shiga aikin katsewar: R0 zuwa R3, R12, LR, adireshin komowa, da xPSR, bayit 32 ke nan. Babu wani umarni a manhajarka da ya yi wannan rubutun. A QEMU wani aiki ne na cikin gida ke yin sa, yana rubutawa kai-tsaye a memori ba tare da ya biyo ta teburin da aka yi wa alama ba. Tarin kira daga sama yake gangarowa, gurabenka kuma yawanci daga ƙasan memori suke hawa. Idan tarin ya yi zurfi har ya kusa kansu, sai katsewa ta zo a daidai lokacin, kalmomi takwas ɗin nan za su sauka a kan iyakar_ruwa, tarko kuma yana nan a ɗane. Alamar da za ta nuna maka haka tana cikin sabuwar ƙimar. Buga ta da p/x, umarnin da ke nuna ƙima a irin lambobin nan masu farawa da 0x. Idan ka ga lamba mai kama da adireshin manhaja, ko mai kama da 0x01000000 da wasu tutoci a samanta, wato kamannin xPSR, to ba lissafinka ne ya samar da ita ba. Kuma ka tuna na ce idan matsalar ta canza hali da canza -O0 da -O2 shaida ce? Ga inda take nuni, domin girman tarin na canzawa da su. Idan kana kiran printf a cikin aikin katsewa, ka fara dubawa daga nan, yana cin tari sosai.

Ƙofa ta biyu ita ce adireshin laƙabi. Cortex-M3 yana da wata dabara ta taɓa bit ɗaya-ɗaya: megabayit na farko na memori, daga 0x20000000, kowane bit nasa yana da kalma guda mai wakiltarsa a yankin da ya fara daga 0x22000000. Lissafin shi ne nisan bayit sau 32, a ƙara lambar bit sau 4. Idan wani ƙunshin manhaja da ka aro yana amfani da wannan, ko wani manuni ya ɓace ya faɗa yankin, za a canza gurbinka ta adireshin da bai yi kama da nasa ba ko kaɗan. Tarkonka yana jiran mai suna Muhammadu, mutumin ya shigo da sunan Mamman. A manyan furosesoshi masu fassara adireshi haka abin yake ta wata fuska: shafi ɗaya na zahiri na iya samun adireshi biyu na gani, tarko kuma na gani yake tsarewa.

Ta uku ita ce DMA, wato na'urar da ke kwasar bayanai zuwa memori ba tare da ta bi ta furosesa ba. Wannan ta taɓa cin mini kwanaki. Na haɗa wa wani manomin shinkafa a fadamar Argungu akwatin da ke kula da famfon sola, yana kashe shi idan rana ta yi sanyi wuta ta ragu. Ana cikin noman rani ya kira ni, famfo yana mutuwa da tsakar rana, ga shinkafa tana neman ruwa. Na ɗauko akwatin na dawo da shi Birnin Kebbi, na jona shi a teburina, na ga gurbin da ke riƙe da mafi ƙarancin wutar da aka yarda da ita yana canzawa zuwa lambobi kamar 2900 da 3100. Na ɗana tarko a ainihin allon, ba a kwaikwayo ba. Kwana biyu ƙimar tana canzawa a gabana, tarko shiru. Daren na biyu wutar gari ta ɗauke, ina aiki da fitilar waya, sai na lura lambobin ba sa wuce 4095, wato iyakar ma'aunin wuta mai bit 12. Na buɗe taswirar da mai haɗa manhaja ke fitarwa, na ga gurbin yana zaune daf da bayan jerin da DMA ke zuba awon wuta a ciki. Jerin gurbi 8 ne, ni kuma na ce wa DMA ya kwaso 10, saboda na rage tashoshin awo na manta ban rage ƙirgar ba. Tun daga ranar, idan tarko ya yi shiru, taswirar nake fara buɗewa in ga su wane ne maƙwabtan gurbin. Kai ma ka ƙara -Wl,-Map=aiki.map a umarnin gininka, ka duba wanda ke gaban iyakar_ruwa da wanda ke bayansa.

Akwai kuma rubutun da QEMU ke yi a madadinka. Idan kana amfani da hanyar nan da manhaja ke roƙon kwamfutar da ke ɗauke da ita ta karanto mata fayil, wadda ake kunnawa da -semihosting, QEMU ne ke zuba bayanan a memorin baƙo da hannunsa, ba umarnin furosesa ba. Haka idan kai da kanka ka canza ƙima daga GDB.

Sauran shirun daga GDB yake fitowa. Umarnin watch canji yake nema. Idan aka rubuta 80 a kan 80, QEMU zai tsaya ya sanar, GDB ya kwatanta ya ga babu bambanci, ya ce a ci gaba, kai ba ka ga komai ba. Idan kana son ganin duk mai taɓa wurin, awatch za ka sa. Sannan idan gurbin na cikin wani aiki ne, GDB yana cire tarkon da zarar aikin ya ƙare, kuma idan ka rubuta watch a kan abin da manuni ke nunawa, yana bin manunin duk inda ya koma. Don ka kafe shi a adireshi ɗaya, rubuta watch -l. Kuma ka karanta abin da ya amsa maka lokacin ɗanawa. Idan ya ce Hardware watchpoint, Z2 ya aika. Idan ya ce Watchpoint kawai, to da kansa zai riƙa tafiyar da manhajar taku-taku yana dubawa.

Wannan na taku-takun yana da amfaninsa, kana iya tilasta shi da set can-use-hw-watchpoints 0. Tunda bayan kowane umarni yake karanta ƙimar, ba ruwansa da ƙofar da aka shigo, zai ga canjin. Yana da nauyi ƙwarai, sau ɗaruruwa, saboda haka ka kai manhajar kusa da inda abin ke faruwa kafin ka kunna shi. Amma ga wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Idan QEMU yana tafiya taku-taku, a tsarinsa na asali yakan toshe katsewa ya tsayar da agogo, don kada mai bin manhaja ya riƙa tsintar kansa cikin aikin katsewa a kowane taku. Idan mai laifin naka katsewa ce, ka ga ka ɗaure ɓarawon da kanka sannan ka zauna gadi, ba zai zo ba. Rubuta maintenance packet qqemu.sstep, zai ba ka 0x7: 1 na takun ne, 2 na toshe katsewa, 4 na tsayar da agogo. Mayar da shi da maintenance packet Qqemu.sstep=0x1, sai katsewar ta ci gaba da zuwa.

Ƙorafinka na uku, cewa allon gaske ya tsaya a wuri daban, a nan QEMU ya fi allon daidaito. A Cortex-M3 sashen da ke tsaron adireshi sunansa DWT, yana da ma'auni har huɗu, kuma kowanne yana tsare yanki ne mai girman 1, 2, 4, 8 da haka, wanda ya fara a kan iyakar girmansa. Wannan sashen yana ganin rubutun ne yayin da yake wucewa, sannan ya aika a tsayar da furosesa. Kafin saƙon ya yi aiki, furosesan na iya gama wani umarnin. Bayan haka GDB, da yake a saninsa ARM kafin rubutu yake tsayawa, zai iya ƙara nasa takun. Sai ka tsinci kanka umarni biyu ko fiye gaba da mai laifin, wataƙila ma an riga an yi tsalle zuwa wani aikin. A allo, ka faɗaɗa dubanka baya, kada ka tsaya a umarni ɗaya. QEMU kuwa, muddin da fassara yake aiki, ba shi da iyakar huɗu, kuma yana karɓar yanki kowane tsawo. Wannan dama ce babba: kana iya ɗana awatch a kan bayit 64 na ƙasan tarin kiranka, ka kama aikin da ya fara gangarowa can tun bai kai ga gurabenka ba. Idan wata rana ka koma x86 ka kunna KVM, inda ainihin furosesan kwamfutarka ke aiwatar da umarnin ba da fassara ba, ka sani rajistocin gaske huɗun nan ake amfani da su, da duk iyakokinsu.

Ban ce QEMU ba ya kuskure ba. Yana yi, kuma kuskuren yakan taru ne a umarni masu wuya, waɗanda ba a fassara su kai-tsaye sai dai a kira wani aiki na C ya yi su: masu kwafe dogon jeri, masu share yanki guda, masu ɗaukar kalmomi da yawa lokaci ɗaya. Irin wannan aikin yakan nemi adireshin memorin kai-tsaye don sauri, kuma wajibi ne wanda ya rubuta shi ya tuna ya duba tarko da kansa, ya kuma miƙa bayanin da za a gano manunin umarni da shi. Idan ya manta na farko, tarko ya yi shiru. Idan ya manta na biyu, za a tsaya amma manuni ya nuna wani wuri na baya a cikin dunƙulen. Wannan na biyun yana da gwaji mai kyau: tashi QEMU da -accel tcg,one-insn-per-tb=on, ko -singlestep a tsofaffin fitowa, yadda kowane dunƙule umarni ɗaya ne. Idan wurin tsayawa ya canza tsakanin wannan da tafiyar yau da kullum, kuma lokacin katsewa bai shiga maganar ba, ka sami abin da ya cancanci kai rahoto.

Kafin ka zargi kowa dai, ka auna ma'aunin. Mai sayen shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi yakan duba tiyar kafin a fara awo. Rubuta 'yar manhaja mai layi kaɗan: gurbi ɗaya mai volatile don kada kwamfaila ta tsallake rubutunsa, rubutu ɗaya da ka san inda yake, da nop, umarnin da ba ya yin komai, biyu gaba biyu baya. Kunna set debug remote 1, ɗana tarkon, ka sake ta. Za ka ga Z2 ya fita, ka ga T05watch ya dawo, ka ga GDB ya nemi taku ɗaya, sannan ya buga ƙimomin. Minti goma zai ci maka, amma daga nan ka san da idonka inda kayan aikinka ke tsayawa. Maimaita da strb, da stm, da rubutu ta yankin 0x22000000, ka rubuta abin da kowanne ya yi. Ranar da allon ya dawo hannunka, ka yi masa gwajin nan shi ma, ka ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. Wannan kaɗai zai iya zama babi mai kyau a rahoton aikinka.

Game da matsalarka ta yanzu, ga yadda zan bi ta da ni ne. Zan buga muguwar ƙimar da p/x in dube ta da kyau, domin sau da yawa ita ke faɗin wanda ya kawo ta. Zan buɗe taswira in ga maƙwabta da kuma tazarar da ke tsakanin gurbin da ƙasan tari. Kafin manhaja ta fara aiki zan cika tarin da 0xAA, in bar ta ta yi gudu har abin ya faru, sannan in duba da x/64x har ina aka goge alamar. Idan gogewar ta kai kan iyakar_ruwa, magana ta ƙare, sai a ƙara girman tari a fitar da printf daga aikin katsewa. Idan ba ta kai ba, sai in koma tarkon taku-taku da katsewa a buɗe. Idan kuma abin ba ya faruwa kullum, QEMU yana iya naɗar tafiya guda da -icount da rr=record, ka sake kunna ta da rr=replay sau nawa kake so, komai yana faruwa a daidai inda ya faru, har GDB ya iya komawa baya da reverse-continue.

Ka turo mini abu uku in duba tare da kai: ƙimar a p/x, layuka goman taswira da ke kewaye da iyakar_ruwa, da girman tarin da ka ware a fayil ɗin haɗawa. Allah ya ba da sa'ar kammalawa, ka gaishe da abokan aikin naka biyu.